Na bar wani ya shiga kwamfutata da sunan ma'aikacin Microsoft, yanzu me zan yi?

Tambaya: Ina cikin neman wani abu a intanet sai wani shafi mai tambarin Microsoft ya rufe mini allo, da ƙara kamar jiniya, wata murya tana cewa an kulle kwamfutar saboda ƙwayar cuta, kada in kashe ta, in kira wata lamba. Na kira. Mutumin ya sa na sauke AnyDesk na karanta masa lambar da ta fito, ya yi kusan minti ashirin yana nuna mini jajayen alamomi. Da ya fara maganar dala 300 da katin banki sai na katse. Da gaske akwai matsala a kwamfutar? Me zan yi yanzu, kuma ta yaya zan gane irinsu nan gaba?

Amsa: Malam, Allah ya tsare gaba, kuma ka kyauta wa kanka da ka katse a inda ka katse. Kafin ka kira lambar nan, lafiyar kwamfutarka ƙalau. Abin da ya rufe maka allo shafin intanet ne kamar kowane shafi, sai dai an tsara shi ya cika fuskar kwamfutar, ya ɓoye wurin rufewa, ya kunna sauti ya yi ta maimaitawa. Shafin intanet ba shi da ikon leƙa cikin kwamfuta ya ƙirga ƙwayoyin cuta, balle ya kulle ta. Haɗarin ya fara ne lokacin da ka karanta lambar AnyDesk, manhajar da ake sarrafa kwamfuta da ita daga nesa, ka danna amincewa, domin daga nan zuwa minti ashirin mutumin tamkar yana zaune ne a kujerarka: yana ganin abin da kake gani, yana iya buɗe fayil, ya kwafa zuwa wurinsa, ya girka abin da ya ga dama. Saboda haka bari mu fara da abin da ba ya jira.

Raba kwamfutar da intanet yanzu. Kashe wayifai, zare igiyar intanet idan da ita take aiki, idan kuma daga wayarka take shan data to kashe daga can. Katse kiran waya bai katse AnyDesk ba, hanyoyi biyu ne daban, kuma mutane da yawa suna ajiye waya su ɗauka an gama alhali mutumin yana ciki yana bincike. Idan ka ga kibiyar linzami tana yawo ita kaɗai ko allo ya yi baƙi, danne maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa goma har ta mutu. Gargaɗin nan na kada ka kashe kwamfuta an rubuta shi ne don kashewar ita ce take ɓata musu aiki.

Sai banki, kuma da wata na'ura dabam, wayarka ko ta wani na gida. Ka tambayi kanka tsakani da Allah: a cikin mintunan nan ka buɗe shafin banki? Ka rubuta lambar kati ko da ba ka ƙarasa ba? Akwai lambar kati da burawuza ta adana maka don saye-saye? Akwai hoton katin banki, fasfo, takardar NIN ko wani fayil da ka tara kalmomin sirri a ciki? Idan ɗaya daga cikin waɗannan e ne, ko ma ba ka tuna ba, kira lambar da ke bayan katinka ka ce a toshe katin a kuma canja bayanan shiga na intanet. Kada ka nemo lambar bankin ta hanyar bincike a Google ko a Facebook, don 'yan damfara suna dasa lambobinsu a can da sunan bankuna, har talla suke saye don tasu ta fito a sama. Bankunan Najeriya suna da lambar gaggawa ta rufe asusu da ake dannawa daga kowace waya. Ta Zenith *966*911#, ta Access *901*911#. Nemi ta bankinka ka rubuta a takarda, ba a cikin wayar kaɗai ba. Wanda ke Birtaniya yana iya kiran 159, ta haɗa shi da bankinsa kai tsaye. Kuɗin sabon kati ƙalilan ne idan ka gwada shi da abin da ke cikin asusun.

Bayan banki, imel. Shi nake so ka fara canja wa kalmar sirri kafin Facebook da sauransu, saboda duk asusun da aka ce an manta kalmar sirrinsa, imel ake tura wa hanyar sabuntawa. Wanda ya riƙe imel ɗinka ya riƙe makullin sauran ɗakunan. Canja kalmar kaɗai ba ta isa ba. A Gmail ka shiga sashen tsaro ka duba jerin na'urorin da ke ciki, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba. Ka duba lambar waya da imel na ko-ta-kwana, ko an sauya su. Sannan ka duba saitin tura wasiƙu gaba da na tace wasiƙu. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa. Cikin minti ɗaya mutum zai iya saita cewa duk wasiƙar da ta zo daga banki a tura masa kwafi a goge taka, kuma saitin yana nan daram ko da ka canja kalmar sirri sau goma. Daga nan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Duk kalmar sirrin da Chrome ko Edge suka adana maka, ka ɗauka an gan ta, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da masu alaƙa da kuɗi da wurin aiki. Idan kwamfutar ta ofis ce, ka sanar da masu kula da na'urorin ofishin a yau, ko da za ka ji nauyi, domin ta ƙofa ɗaya ake shiga a cutar da ma'aikata gaba ɗaya. A watan Mayu na 2024 Microsoft ta bayyana wani gungu da ke kiran ma'aikatan kamfanoni da sunan sashen gyara, su shiga ta Quick Assist, wata manhajar Windows mai aiki irin na AnyDesk, ƙarshe su dasa manhajar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa.

Yanzu kwamfutar kanta. Kunna ta ba tare da intanet ba. Kafin ka goge komai, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %appdata%\AnyDesk ka shiga. Idan ka ga fayil mai suna connection_trace, kwafe shi a filashi, don yana ɗauke da rana da lokaci da lambar wanda ya shigo, kuma zai yi amfani idan ka kai ƙara. Sai ka sake danna Windows da R ka rubuta appwiz.cpl, jerin manhajojin da aka girka zai fito, ka jera su bisa kwanan wata ka dubi duk abin da ya shigo ranar da abin ya faru. Sunayen da za ka sa wa ido su ne AnyDesk, TeamViewer, UltraViewer, ScreenConnect, LogMeIn, Supremo, da duk wata manhajar tsaro da ba kai ka sa ba. Su kansu waɗannan manhajoji halastattu ne, masu gyara na gaskiya da su suke aiki, shi ya sa manhajar kariya ba ta yin ƙara idan an girka su. Abu biyu ke sa aikin ya wuce cirewa kawai. Na farko, AnyDesk tana aiki ko ba a girka ta ba, don haka ƙila ba za ka gan ta a jerin ba, tana can cikin Downloads. Na biyu, tana da saitin shiga ba tare da mai kwamfuta ya amince ba: idan ya sa mata kalmar sirri tasa, zai iya dawowa cikin dare muddin tana kunne. Kuma sun saba girka manhaja ta biyu a ɓoye yayin da suke shagaltar da kai da magana, musamman ScreenConnect wadda ba ta buɗe taga a gabanka. Don haka ka sake danna Windows da R ka rubuta services.msc ka duba ko akwai irin waɗannan sunaye, ka rubuta netplwiz ka ga ko an ƙara wani mai amfani da ba ka sani ba, ka buɗe Task Manager ka dubi abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta. Bayan haka ka haɗa intanet, ka sabunta Microsoft Defender, ka zaɓi binciken da ake kira Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi. Yana cin kamar minti goma sha biyar.

Ra'ayina dai, idan kana harkar kuɗi ko kasuwanci a kan wannan kwamfutar, minti ashirin a hannun baƙo sun isa dalilin sake zuba Windows gaba ɗaya. Binciken da ya ce bai ga komai ba yana nufin bai ga abin da ya sani ba ne. Kwashe takardu da hotuna zuwa wani faifai, ban da manhajoji da duk fayil mai ƙarewa da .exe, sannan ka yi Reset this PC ka zaɓi a cire komai. Idan hannunka bai saba ba, kai wa mai gyara da ka san shagonsa, ka tsaya a kansa, ka gaya masa ainihin abin da ya faru. Wasu sukan tarar an sa wa kwamfutar kalmar sirrin da ba su sani ba. A da, da wata manhajar Windows mai suna syskey suke yin wannan mugunta ga wanda ya ƙi biya, har Microsoft ta cire ta daga Windows 10 a 2017. Ko an kulle, kada ka biya: mai gyara yana iya ciro faifan ya kwashe fayilolinka, sai fa idan an rufe faifan da BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, wanda shi kuma makullinsa galibi yana cikin asusunka na Microsoft.

Mu dawo kan jajayen alamomin da ya nuna maka, don na san suna nan a ranka. Kusan tabbas Event Viewer ya buɗe. Wannan littafin rajista ne da Windows ke rubuta duk abin da ya gifta: firinta ba ta amsa da wuri ba, intanet ya ɗauke na daƙiƙa biyu, wata manhaja ta rufe ba shiri. Sabuwar kwamfuta da aka ciro daga kwali jiya ma za ka tarar da ɗaruruwan alamomin ja da ruwan ɗorawa a ciki. Idan ya buɗe baƙin allo ya rubuta netstat, ya nuna maka layin Foreign Address ya ce ga 'yan kutse daga ƙasashen waje, ma'anar kalmar a nan ita ce ɗaya ɓangaren da kwamfutarka ke magana da shi, wato shafukan da ka buɗe, kuma ɗaya daga cikin layukan nan haɗin AnyDesk ɗin da shi kansa ya shigo ta ciki ne. Idan ya rubuta tree ko dir, sunayen fayiloli suka yi ta gudu, a ƙarshe aka ga rubutu cewa an sami ƙwayar cuta, shi ya rubuta jimlar da hannunsa yayin da sunayen ke gudu. Akwai kuma dabarar assoc. Yakan ce zai karanto maka lambar lasisin kwamfutarka don ka tabbata daga Microsoft yake, ya sa ka rubuta assoc, a can ƙasa ka ga doguwar lamba mai farawa da 888DCA60, ya karanta ta daidai harafi bayan harafi. Lambar nan iri ɗaya ce a kowace kwamfuta mai Windows, ta shafi yadda ake dunƙule fayil ne kawai. Haka idan ya nuna maka jerin ayyuka da aka rubuta Stopped a gabansu: Windows ba ta kunna aikin da ba a buƙata a lokacin, tsayuwarsu ita ce daidai. Duk dabarun nan ginshiƙinsu ɗaya, a nuna wa mutum wani lungu na kwamfutarsa da bai taɓa shiga ba, a fassara masa shi da ƙarya.

Dala 300 ɗin da ya ambata ita ce ƙaramar asara. Babbar tana zuwa ne da sunan mayar da kuɗi, kuma ina so ka san ta sosai don akwai yiwuwar su sake nemanka da ita. Za a kira, ko a turo imel mai kama da rasit na Norton, McAfee, PayPal ko Geek Squad, cewa an cire maka wasu ɗaruruwan daloli na sabunta rajista, idan ba ka so ka kira wannan lamba. Ka kira, su shiga kwamfutar, su ce ka buɗe asusun banki don a mayar maka. Sai su baƙanta allo na ɗan lokaci. A bayan baƙin allon suna yin ɗayan biyu: ko su sauya rubutun shafin bankin da ke gabanka, abin da kowa ke iya yi a burawuza da maɓallin F12 ba tare da ya taɓa bankin ba, ko su ɗebo kuɗi daga asusunka na ajiya su zuba a na yau da kullum. Allo ya dawo, ka ga maimakon 400 an shigo da 40,000. Nan mutumin zai rikice, ya ce kuskure aka yi, za a kore shi daga aiki, yana da 'ya'ya, ka taimaka ka mayar da rarar. Mai amana shi ya fi faɗawa wannan rami, domin ba ya son kuɗin wani ya kwana a hannunsa. Abin da ke tona su mai sauƙi ne: duba asusun a manhajar wayarka ko ka kira bankin, ka dubi dukkan asusunka ba ɗaya ba. Kuɗin da aka zana a allo ba ya bayyana a can.

Hanyar biyan da suke nema ma shaida ce. Katin kyauta na Apple ko Google Play ko Amazon da za ka kankare ka karanto lambar, kuɗin kirifto, tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, ko tsabar kuɗi a cikin kwali. Duka an zaɓe su ne don ba sa dawowa. A watan Satumba na 2023 hukumar FBI ta yi gargaɗi kan wani salo mai hawa uku: na farko ya kira a matsayin mai gyara, na biyu a matsayin jami'in banki ya ce an yi wa asusunka kutse, na uku a matsayin jami'in gwamnati ya ce ka kwashe kuɗinka zuwa wani amintaccen asusu, kuma kada ka gaya wa kowa. Babu bankin da ke kare kuɗi ta hanyar sa mai shi ya fitar da su. A shekarar 2023 kaɗai FBI ta karɓi ƙorafi fiye da 37,000 kan damfarar masu gyaran bogi, asarar ta haura dala miliyan 900, mafi yawanta daga hannun waɗanda suka wuce shekara 60. Sana'a ce mai ofis da albashi da rubutaccen jawabi. Tun 2012 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kai ƙarar wasu kamfanoni da ke yin ta, galibinsu a Indiya, kuma a Oktoban 2023 hukumar binciken Indiya ta kai samame wurare fiye da 70 kan damfarar intanet, wasunsu bisa ƙorafin Microsoft da Amazon. Na faɗi wannan ne don ka san wanda ya yi magana da kai ya yi irin wannan hira sau ɗaruruwa, kai kuwa ranar ce ta farko. Ba abin kunya ba ne, kuma ɓoyewa ita ke ba su lokaci.

To yaya za ka gane su? Kada ka dogara da murya, ko iya Turanci, ko ladabi, ko lambar da ta fito a fuskar waya. Kiran da ke bi ta intanet ana iya sa masa kowace lamba, har ta bankinka. Kada kuma ka dogara da cewa ya san sunanka. Awo biyu ne ba sa kuskure. Na farko: wa ya fara neman wani? Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta kiran mutane haka kawai don gyara, kuma saƙon matsala na gaskiya daga Windows ba ya ɗauke da lambar waya. Haka Apple, haka Google. Lambar da aka liƙa maka a allo ko a imel, ko da yatsanka ne ya danna ta, su ne suka neme ka. Na biyu: me yake so ka yi? Duk zagayen da zai yi, zai sauka a kan ɗayan uku, ka girka wata manhaja, ka karanto wata lamba, ko ka motsa kuɗi. Da ya taɓo ɗaya, zance ya ƙare. Sauran alamun rakiya ne: gaggawa, tsoratarwa da hukuma, hana ka ajiye waya, hana ka shawara da kowa, koya maka abin da za ka ce wa ma'aikacin banki idan ya tambaye ka.

Idan shafin nan ya sake fitowa, danne Esc ka riƙe na daƙiƙa biyu ko uku, ko ka danna F11, allon zai koma daidai ka rufe shafin. Idan ya ƙi, Alt da F4. Idan ya ƙi, Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai buɗe, ka zaɓi burawuzar ka tsayar da ita. Kuskuren da aka fi yi yana zuwa ne bayan nan: ka sake buɗe Chrome, ta tambaye ka ko a maido shafukan da suka rufe, ka amsa e, jiniya ta dawo, ka ɗauka lallai cutar tana ciki. Ka ƙi maidowa. Idan kuma ƙananan saƙonni ne ke ta fitowa a kusurwar allo da tambarin McAfee ko Windows, to wani shafi ne ka taɓa ba izinin turo sanarwa; shiga saitin burawuzar, sashen izinin shafuka, wurin sanarwa, ka cire duk wanda ba ka sani ba. Yawanci ta tallan shafukan kallon ƙwallo da sauke fina-finai kyauta suke shigowa, ko ta adireshin da aka yi kuskuren harafi ɗaya wajen rubutawa.

A Najeriya da maƙwabta wannan damfara ta fi zuwa ta wayar hannu, da rigar kastoma kiya na banki ko na kamfanin layi, kuma da Hausa tsantsa. Za a ce BVN ɗinka ya sami matsala, ko za a rufe layinka saboda NIN, ko ana sabunta manhajar banki. Zai kira cikakken sunanka, wanda ba abin mamaki ba ne, tunda duk mai lambar asusunka yana ganin sunan da zarar ya fara tiransifa, kuma a OPay da PalmPay lambar asusun galibi ita ce lambar wayar ba tare da sifilin farko ba. Abin da ba shi da shi, shi yake nema: lambobin gaban kati, ranar ƙarewarsa, lamba uku ta baya, fin, da lambar OTP. Ka karanta saƙon OTP har ƙarshe kafin komai, sau da yawa yana faɗin abin da ake shirin yi da shi. Idan lambar ta zo ba kai ka nema ba, wani ne ke bakin ƙofa yana jiran ka miƙo makulli. Haka lamba shida ta WhatsApp, wadda ake karɓa da sunan za a sa ka a taron ƙungiya ko tallafi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp yana toshe wannan. A Gana kuma masu MoMo, wato asusun kuɗi na waya, sun san kiran da ake cewa an turo kuɗi bisa kuskure, ko a sa mutum ya amince da cire kuɗi ya sa fin ɗinsa da hannunsa.

Abubuwa uku na waya sun cancanci ƙarin bayani. Idan aka sa ka sauke AnyDesk ko QuickSupport ta TeamViewer a waya, ko aka turo maka fayil mai ƙarewa da .apk ta WhatsApp, to ba ya ma buƙatar tambayarka OTP, yana karantawa da idonsa. Kunna yanayin jirgi, cire manhajar, sannan ka duba saitin Accessibility da na manhajojin da aka ba ikon mulkin waya, don can miyagun manhajoji ke samun ikon danna abu da kansu da hana a cire su. Idan ta ƙi fita, mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Na biyu, idan aka ce ka danna wata lamba mai farawa da *21* ko **21* don gyara sabis, karkatar da kiranka ne zuwa wayarsa, har da kiran da ke karanto lambar tabbatarwa. *#21# yana nuna ko an karkatar, ##002# yana soke duka. Na uku, idan sabis ya ɗauke daga layinka kwatsam alhali na kusa da kai suna da shi, musamman bayan irin wannan kira, ka ɗauka an yi wa layin walkam bak a wani wuri, wato an fitar da sabon sim da lambarka. Rufe asusun banki tukuna daga wayar wani, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin da katin shaida. Sa wa sim ɗinka fin ma yana da amfani idan an sace wayar.

Wanda kuɗinsa ya riga ya fita, mintuna yake tsere da su, domin ana rarraba kuɗin zuwa wasu asusun nan take. Ya kira bankinsa ya ce damfara ce, ya ba da lambar asusun da kuɗin ya shiga, adadi, lokaci, da doguwar lambar Session ID mai lamba 30 da ke kan rasit, ya nemi a tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe kuɗin. Ya bi da rubutaccen ƙorafi ya karɓi lambar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, ya kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN. Ya kuma kai rahoto ga EFCC ko cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet, matsalar layi kuma yana iya kiran NCC a 622. Wanda ya biya da kati ya nemi bankin ya ƙalubalanci cinikin. Wanda ya sayi katin kyauta ya adana katin da rasit ya kira kamfanin da ya yi shi nan take, wani lokaci ana samun ba a kashe kuɗin ba tukuna. Mazauna Amurka suna da ic3.gov da reportfraud.ftc.gov, kuma daga ko'ina ana iya kai wa Microsoft rahoto a microsoft.com/reportascam.

Kai da ba ka biya ba, abin da ya rage shi ne lambar wayarka ta shiga jerin waɗanda suka taɓa amsawa, kuma irin wannan jeri sayar da shi ake yi. Cikin makonni masu zuwa ka sa ran kira daga wani da zai ce shi manajan wancan ne yana ba da haƙuri, ko jami'in tsaro na Microsoft da ke binciken damfarar da aka yi maka, ko lauya mai ƙwato kuɗin waɗanda aka cuta idan an biya kuɗin buɗe fayil. Zai san ranar da abin ya faru da abin da aka ce maka, saboda daga ɗaki ɗaya suke ko sun sayi bayanin. Kada ka tsaya gardama ko gwada wayonsa, kada ka tabbatar masa da suna ko banki, ka katse ka toshe lambar. Idan akwai dattijo ko yara da ke amfani da kwamfutar a gida, buɗe musu asusu na talakan mai amfani wanda ba shi da ikon girka manhaja, ka riƙe kalmar sirrin mai iko a wurinka, ka kuma liƙa takarda a gefen allon da lambarka da ta bankin, da yadda ake danne Esc.